Zazzaɓin Yayata da Kaskar Ɗakin Hatsi

Yayata ta girme ni da shekara goma sha ɗaya. Ita ta goye ni, ita ta koya mini daka. Ina aji biyu a lakwal, wato makarantar boko, aka yi mata aure aka kai ta wani ƙauye kusa da Tumur, a bakin Komadugu, daga nan sai dai mu haɗu a biki ko rasuwa. Ni na zama malamar makaranta a cikin garin Diffa. Ita ta zama manomiyar tattasai, ta sha Barbarci har Hausarta ta lanƙwashe, wani lokaci idan magana ta ɗauke ta sai ta ce mini "kai" maimakon "ke". Da mijinta ya rasu ta ci gaba da riƙe gonar, da injin ban ruwansu da komai. Abin da ya raba ta da wurin shi ne tashin hankalin da ya raba mutane da yawa da gidajensu a yankinmu. Wata ranar Talata na dawo daga aiki da azahar na tarar da ita zaune a zaurenmu, da ƙullin tufafi ɗaya da tukwane biyu da tabarma a naɗe.

Na gyara mata ɗakin da ke jikin namu, mai siminti da fanka, na shimfiɗa sabon zanen gado. Kwana biyu ta yi a ciki ta ce ba za ta iya ba. Wai iskar fanka tana shiga mata ƙashi, katifa kuma tana haɗiye ta. A can ƙarshen gidan muna da wani tsohon ɗakin ƙasa inda muke ajiye buhunan hatsi da wake da guntayen katako na maigidana, wanda kafinta ne. Nan ta zaɓa.

Na ce, "Yaya, ɗakin nan fa ɓeraye ne a ciki."

Ta ce, "Auta, ɓera baƙo ne a wurina? Ki bar ni in ji ƙasa a bayana."

Auta take kirana tun ina ƙarama, don ni ce ta ƙarshe a ɗakinmu. Ban ja maganar ba. Muka matsar da buhunan gefe guda, ta share, ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa tabarmarta a jikin bango. Gaskiya har na ji sauƙi a raina, don na ga ta samu wurin da ya yi kama da nata.

A ƙarshen damina zazzaɓin ya fara, lokacin da babu gidan da ba a kwance da palu, wato zazzaɓin sauro. A ajina ma kullum sai an rasa yara biyar ko shida. Yaya ta tashi da ciwon kai da sanyi, kafin la'asar jikinta ya yi rau, tana cewa gaɓoɓinta kamar an daka su a turmi. Ban yi wani dogon tunani ba. Na biya farmasi na sayo maganin palu da na rage zafi, na ba ta. A rana ta uku ta yi gumi har zaninta ya jiƙe sharkaf, washegari ta fito ta zauna tana tsinar zogale. Na ce mata, "Kin gani? Maganin nan ba ya wasa."

Mako guda tana lafiya, tana ma taya ni girki. Sai ya dawo, daidai yadda ya zo da farko. A wannan karon na kai ta wurin majo, ma'aikacin jinyar da ke riƙe da ƙaramin asibitin unguwarmu, dattijo ne mai haƙuri, ga layin mata da jarirai har bakin ƙofa. Ya tsaga mata yatsa ya ɗiga jinin a ɗan abin gwajin nan, muka jira. Layi ɗaya ya fito.

Ya ce, "Madam, babu palu a jininta yanzu. Wataƙila maganin da kika ba ta ya kashe shi, gajiyarsa ce ta rage. Ta sha wannan na rage zafi, ta yawaita shan ruwa. In bai sauka ba nan da kwana uku ku dawo."

Kwana uku ya sauka, da gumin nan nasa, don haka ba mu koma ba.

A zuwa na uku ne magana ta shiga bakin maƙwabta. Wata ta ce iskar bakin kogi ce ta biyo ta. Wata ta ce ai duk wanda ya baro gidansa da gudu sai jikinsa ya biya, damuwa ce kawai. Aka kawo rubutu, aka kawo saiwoyi na hayaƙi, Yaya ta karɓa duka ba musu. Ni kuwa maganar damuwar ce ta zauna mini, don na sha ganinta ta yi tagumi tana kallon bango idan an ambaci lokacin dashen tattasai. Ga aikin makaranta, ga jinya, na fara gajiya. Abin da na faɗa mata ranar nan har yau ina jin nauyinsa. Ta ɗan samu sauƙi, tana jingine a bakin ƙofar ɗakin, ta rame idanunta sun faɗa, na ce:

"Yaya, ki cire ƙauyen nan daga ranki mana. Tunani ne yake kayar da ke. An gwada an ce ba ki da komai."

Ta dube ni ta ce, "Tunani yana ƙidayar kwana ne? Tura ƙyauren nan ki duba bayansa."

Na tura. A jikin bangon da ƙyaure ke rufewa ta yi zane-zane da gawayi, layi bisa layi. Dogayen sanduna na kwanakin zazzaɓi, ɗige-ɗige na kwanakin lafiya. Uku, bakwai. Uku, takwas. Uku.

Ta ce, "Shekara talatin ina ban ruwa. Na san abin da ke da ranar zuwansa. Wannan abin yana da layi, kamar yadda ruwa ke zagayo fadamar kowa. Alhamis mai zuwa ki sa ido."

Na yi murmushi irin na wanda ya yi boko, na ce Allah ya sawwaƙe, na tafi gyaran takardun yara.

Alhamis ta zo ta wuce lafiya, har na tsokane ta. Ranar Juma'a da safe na kai mata kunu kafin in fita, na tarar tana rawar sanyi cikin bargo. Ta tashi zaune da ƙyar, ta kai kofin baki, sai na ga kunun yana zubowa ta gefen haɓarta na hagu yana sauka a wuya. Na ce ta dube ni. Bakinta ya karkace ya koma dama, idon hagu kuma a buɗe, ba ya ƙiftawa tare da ɗan'uwansa. Kofin ya faɗi daga hannunta. Abin da ya zo mini shi ne shanyewar ɓarin jiki, irin wadda ta ɗauke mahaifinmu.

Maigidana ya fita da gudu ya taro adaidaita. Kafin ya dawo, ban san abin da ya sa ba, na yagi takarda daga littafin shirin darasi na kwafe zanen gawayin nan kaf, sanda da ɗigo. Muka nufi wurin majo. Ya duba fuskarta, ya auna zafin jikin, sannan na miƙa masa takardar ina jin kunya, na ce ita ta rubuta a bango. Ya gyara tabarau, ya bi layukan da bakin biro a hankali, ya ɗago ya dubi Yaya.

Ya ce, "Hajiya, ke kika yi wannan lissafi?"

Ta gyaɗa kai.

Ya ce, "To kin yi rabin aikin." Ya juyo wurina. "Madam, palu ba ya yin haka. Akwai wani zazzaɓi mai tafiya ya dawo, na taɓa ganinsa, amma ɗan gwajin da nake da shi a nan ba ya kama shi. Sai an duba jini a madubin labo, ɗakin gwajin babban asibiti, kuma sai lokacin da jikin ke da zafi. In ya sauka ba za a ga komai ba. Ku wuce babban asibiti yanzu, kada ku biya gida."

Ya rubuta mana takarda, ya haɗa ta da tawa ya manne da allurar takarda.

A babban asibiti wani matashin lokotoro, wato likita, ne ya karɓe mu, mutumin yamma, Hausarsa tana ɗingishi amma yana ƙoƙari. Ya sa Yaya ta ɗaga hannuwa biyu, ta matse yatsunsa, ta taka ƙasa, ta ɗaga gira. Hannu da ƙafa lafiya lau. Girar hagu ce ta ƙi motsi. Ya ce mini wannan ba irin ta mahaifinmu ba ce, jijiyar fuska ce kaɗai ta kumbura, kuma yana zaton ya san dalili. Aka ɗebi jini nan take aka kai labo.

Matar da ke aikin labon ta gane ni, ashe na koyar da ƴarta shekarun baya. Muna zaune a benci wajen awa ɗaya da rabi sai ta leƙo ta yafuto ni. Ta ce, "Madam, zo ki ga abin da ke damun yayarki." Ta nuna mini yadda zan sa ido a madubin, ta murɗa wani ɗan maɓalli. Da farko shuɗi-shuɗi kawai nake gani. Can sai na ga wasu siraran abubuwa a murɗe, kamar zaren da aka warware daga tsohuwar igiya, ɗaya nan, biyu can. Ta ce su ne. Ta ce suna cika jini su kawo zazzaɓi, jiki ya yaƙe su su ɓuya, su sake kama su dawo, shi ya sa abin ke da kwanaki. Na tsaya a wurin ina kallo, maganar da na faɗa wa Yaya a bakin ƙofa tana dawo mini.

Lokotoro ya zauna a gefen gadon da aka kwantar da ita, ya ce, "Mama, a ina kike kwana?"

"A ƙasa, bisa tabarma."

"Akwai ramukan ɓera a ɗakin?"

Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Na ce akwai, ɗakin hatsi ne.

Ya ce kaska ce ta ɗauko ciwon daga jikin ɓera ta sa mata. Yaya, da karkataccen bakinta da zazzaɓinta, sai da ta yi gardama. Ta ce ta san kaska, ta cire ta a kunnen akuya da hantsar saniya ba adadi, kuma kaska in ta kama mutum tana nan maƙale har ta kumbura, da ta cije ta da ta gani. Ya ce wannan wata iri ce daban. Ƙarama ce, mai laushi, a cikin ramin ɓera take zama. Tana fitowa lokacin da mutum ke barci, ta sha jini na ɗan lokaci kaɗan ba tare da ya ji zafi ba, ta koma raminta. Yawancin waɗanda ta ciza ba su taɓa ganinta ba.

Ya ce da mun zo tun fari, ƙwayoyi na kwana bakwai zuwa goma sun isa. Amma tun da abin ya taɓa jijiya, allura za a yi mata ta hanyar jini, kullum ɗaya, har mako biyu. Sannan ya ja ni gefe ya gargaɗe ni. Ya ce bayan allurar farko tana iya rikicewa fiye da yadda muka kawo ta, saboda ƙwayoyin cutar za su mutu da yawa a lokaci ɗaya, jiki ya ɗauki zafi. Ya ce kada in tsorata, suna kusa.

Na ce to, amma da abin ya zo na manta da gargaɗin. Wajen awa biyu bayan allurar, ana kiran sallar Juma'a a masallacin da ke bayan asibitin, Yaya ta fara kakkarwa. Ban taɓa ganin irinta ba. Haƙoranta suna haɗuwa, gadon ƙarfen yana ƙara, ta riƙe hannuna har farcenta ya shiga fatata. Tana magana da Barbarci, tana kiran innarmu da ta rasu tun da daɗewa. Na fita baranda ina kiran a zo a taimake ni. Wata ma'aikaciya ta zo da sauri, ta auna ta, ta kira lokotoro. Bayan rawar sai gumi, sai jikinta ya saki, suka ce jininta ya yi ƙasa, suka ɗaura mata ƙarin ruwa leda biyu a jere. Ma'aikaciyar ba ta bar bakin gadon ba. Sai bayan la'asar Yaya ta buɗe idon da ke rufuwa ta ce, "Auta, kin yi sallah kuwa?" Na zauna a ƙasa na yi kukan da na riƙe tun safe.

Kwana biyar muka yi a asibiti, sauran alluran muna zuwa daga gida kowace safiya. Zazzaɓin bai sake dawowa ba.

Tun muna can maigidana ya shiga ɗakin hatsi. Ya fitar da buhunan duka, ya tarar da ramuka bakwai a gindin bango, biyu daga ciki daidai inda kan tabarmarta yake. Shi mutum ne da sai ya gani da idonsa. Ya sa dogayen takalma da safar hannu, ya haƙa ɗaya daga cikin ramukan, ya kwashi ƙasar ciki ya tankaɗe ta da rariya bisa farin tire a rana. Da na dawo ɗaukar kaya ya kira ni. A cikin tsakuwoyin da suka rage akwai wasu ƴan abubuwa masu launin toka, fatarsu a yamutse, ba su kai ƙwayar dawa ba. Sai da rana ta taɓa su suka fara tafiya. Ya zuba su a kwalba ya kai wa lokotoro, shi kuma ya ce su ne. Aka fesa magani a ɗakin, aka toshe ramukan, aka yi daɓen siminti har jikin bango, hatsin kuma ya koma cikin duro mai murfi. Maigidana ya ƙera mata gado na katako, mai tsayi, ba katifa, ya ce ta shimfiɗa tabarmarta a sama ta ji taurin da take so. Muka rataya gidan sauro.

Ranar da ta koma ɗakin na ce mata, "Yaya, ki yafe mini. Ni na bar ki a ɗakin nan, ni kuma na ce tunani ne."

Ta ce, "Ɗaki ni na zaɓa. Maganar tunani kuwa, ba ƙarya kika yi ba, ina yin sa. Sai dai ba shi kaɗai ba ne. Miƙo mini ruwa."

Iyakar abin da ta ce ke nan, ba ta sake tayar da zancen ba.

Na ɗauka da an gama allura an gama ciwo. Ashe doguwar jinyar a gaba take, kuma ita ce babu wanda ya zo dubiya a kanta. Idon hagu ya yi makonni ba ya rufuwa. Muna ɗiga masa magani sau da yawa a yini, in za ta kwanta in rufe mata shi da yatsa in manne da filasta. An koya mata motsa fuska a gaban madubi: ta ɗaga gira, ta kumbura kumatu, ta tsuke baki kamar mai hura wuta. Matar da ba ta damu da madubi ba tun tana amarya, ga ta zaune da shi safe da yamma tana yi wa kanta gwalo. Wani lokaci mu yi dariya, wani lokaci ta kifa shi a ƙasa ta ce ya isa. Ta daina cin abinci a gaban mutane. In an yi baƙi sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuskar.

Sai gajiya. Wannan matar da ke ɗaukar buhun ɗanyen tattasai daga gona zuwa wurin shanya, yanzu in ta share tsakar gida sai ta kwanta har azahar. Gwiwoyi da wuyan hannu suna mata ciwo, yau nan gobe can. Ciwon kai yakan zo mata da rana tsaka, ƙanshin turaren wuta da take so ma ya zama yana tayar mata da shi. Maƙwabtan da suka yi ta zirga-zirga lokacin zazzaɓi suka fara cewa ai ta warke, sauran raki ne, ta samu ƙanwa mai yi mata komai. Na ji da kunnena a wurin wani suna. A da, da wataƙila na yarda. A wannan karon na ce wa mai maganar ta zo ta yini da mu rana ɗaya ta gani.

Abin da ya fi yi mata ciwo ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Wata rana na same ta bisa sallaya bayan la'asar tana hawaye. Ta ce ta tayar da sallah sau uku, kowane karo sai ta rasa ko raka'a ta nawa take. Ta ce, "Ni da nake riƙe lissafin gona a ka, yau huɗu ta gagare ni." Daga ranar na riƙa yin sallah kusa da ita in ina gida, tana bina.

Bayan wata biyu na mayar da ita wurin lokotoro, na ce a sake mata allura, ciwon bai fita ba. Ya sake duba jini, ya gwada ƙarancinsa, ya duba ido da fuska. Ya ce ƙwayoyin cutar babu su. Akwai ƙarancin jini kaɗan, ya rubuta maganinsa. Na nace a kan allurar. Ya ajiye biro ya ce, "Madam, na yarda tana jin abin da take faɗa, ba ƙirƙira take ba. Jikin da ya sha zazzaɓi huɗu a jere yana ɗaukar lokaci, jijiya kuma a hankali take gyaruwa. In na ƙara mata allura ba abin da za ta kashe, sai dai ta wahalar da cikinta. Ban san ranar da gajiyar za ta tafi ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Ta ci abinci, ta yi tafiya kaɗan kullum, ta huta kafin ta gaji. In zazzaɓi ya dawo, ko ganinta ya canza, ku zo a ranar."

Ban ji daɗin amsar ba. A hanyar gida har na tsaya wurin wani mai tallar magani a bakin kasuwa, ya zazzago mini wasu kafso ja da rawaya ya ce suna wanke jini tas. Yaya ce ta ja hannuna. Ta ce yaron can, lokotoro, ya ce mata bai sani ba a inda bai sani ba, don haka ta fi yarda da shi a kan wanda ya san komai.

Muka bi abin a hankali. Da farko tafiyarta daga ɗaki zuwa zaure ce. Sannan zuwa bakin titi wurin mai ƙosai. Ta karɓi yankan kuɓewa da shanya ta, aikin da ake yi a zaune. Ta koyi tsayawa tun ƙarfinta bai ƙare ba, wanda a wurinta ya fi komai wuya. Akwai makon da za ta yi kamar ta warke, ta yi wanki ta yi daka, sai mako na gaba ta biya bashin ƙarfin a kwance. Tsoro ma bai sake ta da wuri ba. Da ta ji jikinta ya ɗan yi ɗumi, ko na zafin rana ne, sai ta kira ni in kawo ma'aunin zafi. Da damina ta zagayo ta yi zazzaɓi na gaske, muka ruga wurin majo. Ya tsaga yatsa, layi biyu suka fito. Ya ce palu ne. Yaya ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi, wannan tsohon sani ne." Majo ya yi dariya har ya cire tabarau.

Wata yamma muna ɓarar gyaɗa ta ce mini mijinta ya yi irin wannan zazzaɓin a shekarunsa na ƙarshe, mai tafiya ya dawo. A bukkar gona yake kwana lokacin tsaron tattasai, a ƙasa. Kullum maganin palu ake ba shi. Ta ce akwai mata a ƙauyen da suka yi ɓari bayan irinsa. Ta ce ba ta sani ba ko shi ne, kuma yanzu babu mai gaya mata. Ni ma ban sani ba. Amma daga lokacin, duk wanda ya zo gaishe ta daga mutanen bakin kogi, ko cikin waɗanda suka ƙetaro daga Najeriya suke zaune a rumfuna bayan gari, sai ta tambaye shi inda yake kwana. In ta ji mai zazzaɓin da aka gwada ba a ga palu ba, sai ta ce ya ƙidaya kwanakin, ya je asibiti ranar da jikin ke da zafi, ya faɗa musu da bakinsa cewa yana tafiya yana dawowa. Mutum biyu da na sani ta raka su da ƙafarta.

Fuskar ta dawo kusan daidai cikin wata shida. Sai wanda ya san ta da can zai lura gefen hagu yana ɗan makara in ta yi dariya. Gajiyar ta fi shekara kafin ta sake ta, gwiwa kuwa har yau tana gaya mata in hadari ya haɗu. Sai wani abu guda da ya bayyana daga baya: duk lokacin da ta fara tauna abinci, idon hagu sai ya kawo ruwa. Lokotoro ya ce jijiyar ce da za ta warke ta ɗan ɓata hanya, ta haɗa ta yawu da ta hawaye, ba shi da illa.

Yanzu tana zaune wurin ƴarta da ke aure a wajen N'Guelbély. Bara na je can sunan jikarta. Aka kawo mana burabusko da miyar kuka da naman rago a babban kwano, muka zauna da surukar ƴar, wata dattijuwa mai kirki wadda ita ta tsaya a kan girkin tun safe. Yaya ta kai loma ta farko, ta biyu, hawaye ya gangaro mata a kunci ɗaya. Dattijuwar ta tsayar da hannunta a cikin kwano, fuskarta ta canza.

Ta ce, "Subhanallahi. Yaji ne ya yi yawa, ko wani ya ɓata miki rai a gidan nan?"

Yaya ta goge da bakin mayafi ta ce, "Ko ɗaya. Kaska ce ta cije ni a Diffa."

Matar ta dube ni, ta dube ta, ba ta gane ba. Yaya ta ce ta bari mu gama ci tukuna, labarin yana da tsawo, kuma miyar tana hucewa. Ta jawo kwanon gabanta ta tsamo ƙashi mai ɓargo.